Ya halatta a hana mutum aiki saboda ra'ayinsa na siyasa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min afuwa rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya na kasa barci. Na je intabiyu a wani kamfani mai zaman kansa, aikin akanta ne, mu wajen goma sha muka rubuta jarrabawa aka tace aka bar mu mu uku, jiya aka kira mu ganawar ƙarshe. Komai yana tafiya daidai, sun tambaye ni yadda ake daidaita littafin shige da ficen kuɗi na amsa, sun ba ni wani lissafi da aka saka kuskure a ciki da gangan na gano shi, ɗaya daga cikinsu har yana gyaɗa kai. Sai can wanda ke tsakiya ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin fayil ɗina ya turo min ita a kan tebur. Wallahi fostin ɗina ne na Facebook na lokacin zaɓen da ya wuce, an buga shi a takarda har an ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda na ce ba zan zaɓi wani ɗan takara ba saboda kaza da kaza. Babu zagi a ciki, ban ambaci uwar kowa ba, ban ce a ƙona komai ba. Ya ce "har yanzu kana kan wannan ra'ayin?" Na ce ina kai ranka ya daɗe, amma ban ga inda ya haɗu da aikin ba. Ya mayar da takardar ya rufe fayil ya ce za su neme ni. Yau da safe saƙo ya shigo wai sun gode amma sun ɗauki wani. Tambayata ita ce, mai kamfani yana da wannan haƙƙin? Ba a doka kaɗai nake tambaya ba, har a wajen adalci.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka wanda ya fi shi alheri ƙanena. Ni a sashen ɗaukar ma'aikata nake aiki shekara da shekaru kuma zan gaya maka gaskiya, abin da aka yi maka ana yin sa kullum, bambancin kawai kai an nuna maka takardar. Yawanci ba a nunawa. Ana duba shafukan mutum tun kafin a kira shi, in oga ya ga abin da bai masa ba sai a ture fayil ɗin gefe, in an tambaya a ce "bai dace da tsarinmu ba", shi ke nan magana ta mutu, babu mai iya kama kowa.

Alhaji Mai Ma'aikata: Ɗan Auta ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, na san ba zai yi maka daɗi ba. Ina da ma'aikata sun haura talatin, gumi na ne, bashi na ci na kafa wurin, ranar da aka yi asara ni ne ba na barci. To don me ba zan zaɓi wanda zan zauna da shi awa takwas kullum ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na taɓa ɗaukar yara biyu 'yan jam'iyyu daban daban, lokacin kamfen kullum musu kullum musu, aiki ya tsaya kwastoma na tsaye suna jiran a sallame su su kuma suna ta ɗaga murya, ƙarshe har ɗaya ya ci kwalar ɗaya a gaban mutane. Tun daga ranar in na ga mutum siyasa ta shiga jininsa nake kaucewa, ba ƙiyayya ba ce, zaman lafiyar wurina nake nema.

Ɗan Auta: Alhaji da girmamawa, waɗancan yaran ai faɗa suka yi a wurin aiki, laifinsu faɗan ne. Ni ban yi faɗa da kowa ba, ko ƙofar ofis ɗin ban shiga a matsayin ma'aikaci ba tukuna.

Alhaji Mai Ma'aikata: To ai shi ya sa ake dubawa tun kafin a shiga. Rigakafi.

Barista: Bari in shigo ta ɓangaren doka tunda an tambaya, amma a sani kowace ƙasa da nata, babu amsa ɗaya. Akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 111 ta shekarar 1958, ita ce uwa a wannan fanni, ta lissafa abubuwan da bai kamata a bambanta mutane da su wajen ɗaukar aiki ba: launin fata, jinsi, addini, asali, kuma ta ambaci ra'ayin siyasa ƙarara da sunansa. Mafi yawan ƙasashen duniya sun amince da ita. Amurka ba ta ciki, kuma wannan yana ba mutane mamaki saboda yadda ake jin su da maganar 'yancin faɗin albarkacin baki. Abin da mutane ba su gane ba shi ne wancan 'yancin da ke tsarin mulkinsu gwamnati kaɗai ya ɗaure wa hannu, bai shafi kamfanin ɗan kasuwa ba. Babbar dokarsu ta hana wariya a wurin aiki ta 1964 ta ambaci launin fata da addini da jinsi da asalin ƙasa, ba ta ambaci siyasa ba, don haka a jihohi da yawa mai kamfani zai iya ce maka ba na ɗaukar 'yan jam'iyya kaza kuma dokar tarayya ba ta da abin cewa. Sai wasu wurare da suka yi tasu dokar, kamar Kalifoniya da ta hana mai aiki tsoma baki a harkar siyasar ma'aikatansa, da birnin Washinton da ya saka jam'iyyar mutum cikin abubuwan da ba a wariya a kansu. Faransa kuwa dokar ƙwadagonta ta haramta shi kai tsaye tun daga matakin ɗaukar aiki, haka ma Afirka ta Kudu a dokarta ta 1998.

Anti Malama: Barista na gode da wannan bayani. Amma ina da tambaya ga Alhaji. Ka ce wurinka ne kai ke da iko, to in wani mai kamfani ya ce shi ma wurinsa ne don haka ba ya ɗaukar mai addini kaza ko ɗan ƙabila kaza, za ka ce yana da gaskiya?

Alhaji Mai Ma'aikata: A'a Malama wannan daban. Mutum bai zaɓi ƙabilarsa ba, haihuwarsa aka yi a ciki. Siyasa kuwa riga ce, yau ka saka gobe ka tuɓe, 'yan siyasar kansu sau nawa suke sauya sheƙa?

Anti Malama: To addini fa Alhaji? Mutum yana iya sauya addini ai, amma duk da haka mun yarda ba a hana shi aiki a kansa, saboda abu ne da ya shafi zuciyarsa da abin da ya yarda shi ne gaskiya, kuma ba ma so a ce sai ka sayar da shi kafin ka samu abin riƙe iyalinka. Ra'ayin siyasa na gaske ma haka yake ga mutane da yawa. Ba ina maganar masu sauya sheƙa don kujera ba, ina maganar talaka da ya zauna ya duba ya ce wannan shugaban ya cuce mu ba zan sake zaɓensa ba. In ka ce masa sai ya tuɓe wannan rigar kafin ka ba shi aiki, ai kuri'arsa ka saya, bambancinka da mai raba kuɗi a layin zaɓe kawai shi na rana ɗaya ne kai naka na kowane wata.

Tsohon Ma'aikaci: Malama kin taɓo inda nake so in yi magana. 'Ya'yana ku saurara, ni na yi shekaru a aikin gwamnati kuma abin da na fi tsoro a wannan magana ba abin da zai faru da mutum ɗaya ba ne, abin da zai faru da sauran da suke kallo ne. Ɗan Auta ya rasa aiki ɗaya, amma mu nawa ne a guruf ɗin nan muka karanta labarinsa, matasa nawa ne yau da daddare za su koma shafinsu su goge abin da suka rubuta? Ku duba Benezuwela. A 2003 zuwa 2004 miliyoyin mutane suka sa hannu suna neman a yi kuri'ar raba gardama kan ko Hugo Chavez zai ci gaba da mulki, abu ne da tsarin mulkinsu ya ba su dama. Sai wani ɗan majalisa mai suna Luis Tascon ya ɗora sunayen a intanet. Daga nan sunan mutum a wannan jerin ya zama masa tabo, ana korar wasu daga aiki ana hana wasu, har sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci a 2018 cewa an zalunci wasu mata uku da aka sallama saboda sa hannunsu. Yanzu ku gaya min, bayan wannan wa zai sake yarda ya sa hannu a kan wani abu? Ba a kama kowa ba, ba a ɗaure kowa ba, ta hanyar albashi kawai aka rufe bakin jama'a.

Alhaji Mai Ma'aikata: Baba ai wannan gwamnati ce. Gwamnati ta kowa ce, da harajin kowa ake biyan albashi, ban taɓa cewa ta yi wariya ba. Ni ɗan kasuwa nake magana a kai.

Barista: A nan Alhaji yana da ƙafa a doka, ƙasashe da yawa suna raba biyun. A Amurkan ma da na ce kamfani yana da sarari, gwamnati ba ta da shi. Da can al'adarsu ce duk jam'iyyar da ta ci zaɓe ta share ma'aikata ta zuba nata, har sai da wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881, bayan nan a 1883 aka yi dokar ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa da cancanta. Sannan a 1990 kotun ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a daga jihar Illinois, inda gwamna ya dakatar da ɗaukar aiki sai da izinin ofishinsa, ofishin kuma yana duba ko kai ɗan jam'iyyarsu ne, kotu ta ce haramun ne a ƙananan ayyuka, ko ɗauka ko ƙarin girma ko sauyin wuri. Amma sun bar ƙofa ga muƙaman da siyasar ita ce aikin, kamar mai ba gwamna shawara ko mai rubuta masa jawabi. Ita ma yarjejeniyar 1958 ta bar irin wannan ƙofar, ta ce in abu yana cikin ainihin abin da aikin yake buƙata to ba wariya ba ne. Jam'iyya ba dole ta ɗauki ɗan adawa ya riƙe mata sirrin kamfen ba. Amma akanta a kamfanin da ba ruwansa da siyasa, da wuya ka nuna inda kuri'arsa ta shiga lissafi.

Ɗan Auta: Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai Barista. Da jam'iyya na je neman aiki ko jaridar da kowa ya san ɓangarenta wallahi ba zan yi magana ba.

Mai Jan Hula: Ni dai ina ganin kowa yana magana ne a kan ra'ayi mai sauƙi, wane zan zaɓa wane ba zan zaɓa ba. To wanda ra'ayinsa shi ne a kori wasu mutane daga ƙasa fa, ko wata ƙabila ba mutane ba ce? Shi ma zai ce siyasarsa ce. Dole ne in ɗauke shi in zaunar da shi kusa da waɗanda yake cewa a kora?

Anti Malama: Wannan tambaya ce mai nauyi gaskiya, ban da amsa a kusa.

Barista: An yi irin wannan a Ingila kuma shari'ar tana da ban sha'awa. Wani direba Arthur Redfearn yana tuƙa motar da ke ɗaukar masu buƙata ta musamman a Bradford, yawancin fasinjojinsa 'yan asalin Asiya ne, babu wanda ya taɓa kai ƙararsa, shugabansa ma wanda ɗan asalin Asiya ne ya taɓa gabatar da sunansa a ba shi lambar yabo. A 2004 sai ya ci kansila a jam'iyyar BNP wadda a lokacin farar fata kaɗai take karɓa, kamfanin ya sallame shi saboda tsoron abin da zai biyo baya. Bai cika shekara a aikin ba don haka dokar lokacin ba ta ba shi damar ƙarar korar zalunci ba. Ya kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2012 ta ce an tauye shi. Amma ku lura, ba ta ce korar ba daidai ba ce, cewa ta yi dole a ba shi damar tsayawa gaban alƙali a auna dalilin kamfanin, kuma a 2013 Birtaniya ta gyara dokar. Ireland ta Arewa kuwa da suka sha rikici shekara da shekaru, inda sunan makarantar da ka yi kaɗai ya isa a san ɓangarenka a hana ka aiki, sun haramta wariya kan ra'ayin siyasa tun 1976, amma dokarsu ta cire wanda ra'ayinsa goyon bayan amfani da makami ne don cimma burin siyasa a yankin. Kenan ana iya jan layi Mai Jan Hula, ba dole sai an ce ko duka ko babu ba.

Mai Jan Hula: To wa zai ja layin? Nan ne matsalar.

Tsohon Ma'aikaci: Duk wanda zai ja shi, kar ya zama mutum ɗaya a bayan ƙofa a rufe da jan biro a hannu. Ɗana, kowane zamani yana da ra'ayin da yake gani shi ne haɗari. A Amurka daga 1947 aka shiga farautar 'yan gurguzu a masana'antar fim, mutum 10 aka fara da su daga baya abin ya ci ɗaruruwa, kuma kamfanoni masu zaman kansu ne suka haɗa baki suka daina ba su aiki, Alhaji ka ji fa, ba gwamnati ce ta kore su ba. Jamus ta Yamma ma a 1972 ta kawo tsarin tantance masu neman aikin gwamnati don kawar da masu tsattsauran ra'ayi, malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya suka sha wahala, wata malama da aka kora saboda jam'iyyarta sai a 1995 kotun Turai ta ce an zalunce ta. Masu yin abin a lokacin duk sun yarda kariya suke yi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, yau ra'ayin wani ne abin ƙi, gobe iska ta juya naka ne.

Alhaji Mai Ma'aikata: Baba na ji, kuma maganar haɗa baki ta shige ni, in duk masu kamfani suka yi abu ɗaya to mutum ba shi da wurin zuwa, wannan gaskiya ne. Amma ku ma ku ji tawa. In aka yi doka aka ce ba ni da ikon dubawa, gobe duk wanda na ƙi ɗauka saboda bai iya aiki ba sai ya ruga kotu ya ce siyasa ce, ni da ko lauya ba ni da shi in bar aiki ina zaryar kotu. Manyan kamfanoni za su iya, mu ƙanana an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Uwar Biyu: Alhaji wannan tsoron na san shi amma a aikace akasin haka ne yake faruwa, mai neman aiki ne ba ya iya tabbatar da komai, bai ga fayil ɗin sauran ba, bai ji abin da aka faɗa bayan fitarsa ba, kuma mutumin da ba shi da aiki ina ya ga kuɗin lauya. Kariyarka kuma mai sauƙi ce, ka rubuta abin da aikin yake buƙata tun kafin ka ga fuskar kowa, ka yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, ka ba da maki ka ajiye takardar. Sannan ka kafa doka a wurinka, ba kamfen a ofis, ba hular jam'iyya a gaban kwastoma, ba amfani da sunan kamfani a fostin siyasa, kowa ya sa hannu ranar da ya kama aiki, wanda ya karya ka hukunta shi ko ɗan jam'iyyarka ne. Da kana da wannan waɗancan yaran naka biyu tun musun farko za ka tsayar da su. A Tarayyar Turai ma tun 2018 dokar kare bayanai ta saka ra'ayin siyasa cikin bayanan da ba a tattarawa a kan mutum haka kawai, wannan takardar da aka buga aka saka a fayil ɗin Ɗan Auta a can ita kanta matsala ce. Ni kaina akwai ranar da aka turo min fayil aka ce in cire wata yarinya saboda hoton da ta ɗauka a wajen gangami, ita ce ta fi kowa maki, na cire ta, har yau in na tuna raina yana ɓaci, ban ƙara yarda na yi ba.

Mai Jan Hula: Allah ya yafe mana Uwar Biyu. Amma ni har yanzu ina kan bakana a kan masu ra'ayin ƙiyayya, ba zan jira sai ya aikata ba.

Anti Malama: In ya fito fili ya rubuta a kashe wasu ko a kore su ai ya riga ya aikata, maganar kanta aiki ce, kuma kana da hujjar da za ka nuna wa kowa cewa abokan aikinsa ba za su samu natsuwa da shi ba. Wannan daban da wanda laifinsa kawai bai zaɓi ɗan takararka ba.

Alhaji Mai Ma'aikata: Ɗan Auta wata tambaya, a fostin ɗin naka ka ambaci kamfanin ko mai shi?

Ɗan Auta: Ko kusa Alhaji, lokacin ban ma san zan nemi aiki a wurin ba.

Alhaji Mai Ma'aikata: To gaskiya ni da ba zan yi maka haka ba. Ban sauka daga cewa ina da ikon zaɓen wanda zan ɗauka ba, amma wannan bai yi ba. Uwar Biyu in kina da samfurin takardar dokar ofis ɗin nan da kika faɗa ki turo min ta akwatin saƙo in duba.

Barista: Ɗan Auta kafin ka manta, yau ɗin nan ka zauna ka rubuta duk abin da ya faru, ranar da lokacin da mutum nawa ne a ɗakin da ainihin kalmomin da ya faɗa, ka adana saƙon da suka turo, sannan ka rubuta musu cikin ladabi ka nemi dalilin ƙin ɗaukarka a rubuce. Ko za a yi ƙara ko ba za a yi ba wannan ya danganta da dokar inda kake, sai ka zauna da lauyan ƙwadago ya duba maka.

Ɗan Auta: Na gode Barista, zan rubuta yanzu. Ɗazu yayana ya kira ni ya ce in goge fostin ɗin kafin intabiyu na gaba, na buɗe shi na karanta sau uku ina neman inda na yi laifi ban gani ba. Ina da wata ganawar ranar Litinin a wani wurin, ban goge ba tukuna.